Aiki daga gida ga kuma yaro mai tatata a hannu: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da mata suke yawan yi, har da wasu mazan ma, a kan yadda za a yi da aiki a cikin gida alhali ga yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bin ƙafarki duk inda kika yi. Ko aikin kwamfuta kike yi wa wani kamfani, ko ɗinki, ko kitso da lalle, ko su cincin da samosa na oda, ko kaya kike ɗorawa a WhatsApp kina saidawa, matsalar kusan ɗaya ce.

Wai da gaske zai yiwu in yi cikakken aiki kuma ina raino ni kaɗai?

In dai cikakken aiki kike nufi irin na awa 8 a jere, to gaskiya a'a, kuma gara ki ji haka tun yanzu da ki yi ta zargin kanki kina cewa ke ce ba ki iya tsari ba. Raino aiki ne mai zaman kansa, shi ya sa ake biyan mutum kuɗi ya yi shi. Taura biyu ba ta taunuwa. Abin da yake yiwuwa shi ne ki jera su, wannan lokacin na aiki ne zalla, wancan na yaro ne zalla, sai kuma ɗan tsakani da za ki iya yin ƙananan abubuwa kamar amsa saƙo ko naɗe kaya yana gefenki yana wasa. Iyayenmu sun yi sana'a a gida tun fil azal, fura, ƙuli-ƙuli, saƙa, daka, amma ki tuna gidan yawa suke, akwai kaka, akwai facala, akwai 'yan mata a tsakar gida, yaro in ya sauka daga bayan wannan sai ya hau na waccan. Ke kuma yanzu kina fulat ɗinki ke kaɗai an rufe get, don haka kar ki gwada kanki da su.

To wane lokaci ne ya fi dacewa da aikin?

Bayan sallar asuba. Wallahi in kika samu awa ɗaya da rabi ko biyu kafin ya tashi, abin da za ki yi a ciki ya fi na wuni guda da yake jan zaninki. Aikin da yake buƙatar nutsuwa, lissafi, rubutu, yankan yadi mai tsada wanda in kika kuskure shi ke nan, duk ki kai shi can. Na biyu lokacin barcinsa na rana, wajen azahar. Na uku bayan isha in ya kwanta, amma wannan ki yi hattara da shi, ba zai yiwu ki kai ƙarfe 1 na dare kina aiki kuma ki tashi asuba ki ɗora ba, sati biyu za ki yi jikinki ya gaya miki. Ki zaɓi ɗaya, ko asuba ko dare.

Masu yi wa 'yan ƙasar waje aiki kuma su duba bambancin lokaci tun kafin su amince da aikin. Ƙarfe 9 na safe a New York ƙarfe 2 ne ko 3 na rana a nan Najeriya da Nijar, ya danganta da wane wata ake ciki, ke nan mitin ɗinsu zai dinga faɗowa daga la'asar har magariba, daidai lokacin da yaro ya fi rigima kuma ga girkin dare. Ingila kuwa ko dai lokacinmu ɗaya ko mu fi su da awa 1, Saudiyya sun fi mu da awa 2. Ki san wannan kafin ki ce to.

Nawa ba ya barcin rana, ya zan yi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, har da na rana a ciki, ɗan 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Yawancinsu tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi suke komawa barcin rana sau ɗaya maimakon biyu. Abin da ya fi taimakawa shi ne lokaci ɗaya kullum, a ci abinci, a watsa masa ruwa musamman lokacin zafin nan na Maris zuwa Mayu, a sauke labule, ki goya shi ko ki kwanta gefensa. Kuma ki bari ya gaji da safe, ya yi guje-gujensa a tsakar gida, yaron da ya wuni zaune gaban talabijin ba abin da zai sa shi barci. In ya kai shekara 3 ya daina barcin ranar gaba ɗaya ba matsala ba ce, ki saba masa da kwanciyar hutu ko na minti 40 ne da kayan wasansa a kan katifa.

Laifi ne in ba shi waya ya kalli kartun in samu in yi aiki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa kuma na san dalili, domin babu abin da yake sa yaro shiru nan take kamar waya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi kallon allo, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Dalilin ba wai allon guba ba ne, a'a, a wannan shekarun ne yaro yake koyon magana kuma daga bakin mutane yake koya, ya ce abu ki amsa, ya nuna kaza ki ce eh kaza ce, ya maimaita. Duk awar da ya yi yana kallo awa ce da ba wanda ya amsa masa.

Ni a ganina, in ya kai shekara biyun, ki mayar da wannan awa ɗayan jarinki, kar ki kashe ta a banza da safe don kawai ki samu ki yi wanke-wanke, ki ajiye ta sai lokacin da kike da mitin ko kwastoma ta zo gwajin kaya. Ki sauke masa bidiyon da kika riga kika duba ki kashe data, kar ki bar shi da YouTube ko TikTok yana ta dannawa, ba ki san inda zai faɗa ba. Kuma in da hali a talabijin ya kalla ba a wayarki ba, don in ya saba da wayarki to duk sanda kika ɗauka za ki amsa kwastoma sai an yi kokawa. Kusa da lokacin barci kuma a kashe.

Me zan ba shi ya shagala in ba waya ba?

Ba sai kin kashe kuɗi ba. Robobin kicin da murafensu, ludayi da ƙwarya, kwalin da aka kawo kaya a ciki, ƙyallayen ɗinki manya, tsohon littafi da kalar zane in ya kai biyu. Dabarar ita ce kar ki zube masa duka lokaci ɗaya, ki raba kashi-kashi, na yau daban na gobe daban, abin da ya kwana biyu bai gani ba sabo ne a wajensa. Sannan ki sani yaro mai wannan shekarun mintuna kaɗan yake iya yi a kan abu ɗaya, in ya yi minti 10 shi kaɗai ya yi ƙoƙari. Abin da na ga yana aiki sosai, kafin ki zauna aiki ki fara ba shi minti 15 nasa shi kaɗai, ba waya a hannunki, ku yi wasa ku yi waƙa, in ya ƙoshi da ke ya fi saurin sakinki. Goyo ma yana nan, amma ba na wuni ba, ana so kar a riƙe yaro wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, ko a baya ko a kujerarsa, yana buƙatar motsa jiki kamar awa 3 a rana in an tattara.

Ina cikin mitin ko waya da kwastoma ya fasa kuka, me ya kamata?

Ki kashe makirfon, ki rubuta ko ki ce a ba ki minti 2, ki je ki duba shi. Tun kullen korona na 2020 mutane sun saba jin muryar yara a Zoom, ba wani abin kunya ba ne. Amma ki gaya wa ogan aikinki tun farko cewa kina da ƙaramin yaro kuma ga lokutan da kika fi samun nutsuwa, ɓoyewa ce take jawo matsala. Masu saida kaya ku rubuta lokacin amsa saƙo a bayanin WhatsApp ɗinku, misali 10 zuwa 12 da kuma bayan la'asar, kwastomar kirki za ta jira. In mitin ɗin babba ne wanda aikinki ya rataya a kansa, kar ki dogara da sa'a, ki nemi wanda zai riƙe shi tun jiya.

In ɗauko 'yar raino daga ƙauye?

Nan zan ɗan tsaya. Taimako kam kina buƙata, ba na musu. Amma yarinya 'yar shekara 9 ko 10 ita ma yarinya ce, ba za ta iya gane yaro ya haɗiye abu ba, ba za ta iya hana shi faɗawa bokiti ba in hankalinta ya tafi kan wasa, kuma in abu ya faru ita za a ɗora wa laifin da ba nata ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare ga kowane yaro a Najeriya, ba daidai ba ne 'yar wani ta rasa makaranta don naki ya samu raino ke kuma ki samu kuɗi. In 'yar uwa ce take zaune wajenki to ki sa ta a boko da islamiyya, taimakonta ya zama bayan ta dawo kuma kina gida.

Abin da ya fi, babbar mace mai hankali, ko dattijuwa a unguwa, ta zo awa 3 ko 4 da hantsi ki biya ta. Wasu matan kuma karɓa-karɓa suke yi da maƙwabciya, yau ki riƙe nata da naki daga 9 zuwa 12, gobe ita ta riƙe, ba ko sisi. In Hajiya tana kusa kuma tana da ƙarfi, kwana biyu a sati a wajenta alheri ne gare su duka, sai dai a tambaye ta da ladabi a kuma dinga yi mata ihsani, kar a mayar da shi dole. Duk wadda za ki bar wa yaro, ki zauna da ita kwanakin farko ki ga yadda take da shi, ki gaya mata ƙarara ba duka, ba ba shi magani ba tare da saninki ba.

Yana ƙiwa sosai, ba ya yarda da kowa.

Lokacinta ne, daga wajen wata 8 har zuwa shekara ɗaya da rabi ko biyu haka suke. Kar ki sulale ki gudu, hakan yana ƙara masa rashin yarda, gobe ko banɗaki ba zai bar ki ki shiga ba. Ki ce masa Mama za ta yi aiki za ta dawo, ki tafi ko yana kuka, ki dawo kamar yadda kika ce. A hankali zai gane.

Maigida yana ganin ai ina gida, me zai hana in yi komai?

Kar ki tayar da maganar lokacin da ranki yake ɓace ko shi ya shigo a gajiye. Ki samu lokaci mai kyau ki nuna masa a fili, Abban wane ga abin da aikin nan yake kawowa a wata, ga inda kuɗin yake shiga, ga awannin da nake buƙata. Kuma ki roƙi abu takamaimai, in kin ce ka dinga taimaka min ba zai san me zai yi ba, amma in kin ce daga dawowarka masallaci magariba zuwa isha ka riƙe shi, ko ranar Asabar da safe ka fita da shi gidan Hajiya, wannan abu ne da zai iya cewa to.

Ku kuma maza, riƙe ɗanka ba alfarma kake yi wa matarka ba, ɗanka ne. Hadisi ya tabbata daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) yana cikin hidimar iyalinsa a gida, in lokacin sallah ya yi ya fita. In kai ne mai aikin daga gida ita take fita, duk abin da aka faɗa a nan ya hau kanka, har da canza famfas da ɗora shi a fo.

Baƙi da 'yan uwa fa? Kowa gani yake zaman banza nake.

Ba za ki kori baƙo ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Ki tarbe su, ki kawo ruwa, ku gaisa sosai, sai ki ce Anti ki yi haƙuri akwai aikin da zan miƙa ƙarfe 2, bari in ƙarasa in fito. Sau biyu sau uku za su gane lokacinki, wasu ma su ɗauke miki yaron kafin ki gama. Biki da suna kuma ba kowanne za ki wuni ba, amma gaisuwar mutuwa da dubiya a ajiye aiki a je.

Waɗanne haɗura ne suka fi yawa in hankalina yana kan aiki?

Dan Allah ki karanta wannan ko da kin tsallake sauran. Ruwa na farko, bokiti, baho, durom, rijiyar da ba murfi. Yaro mai tatata nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa ya faɗa da ka ba ya iya fitowa kuma ba za ki ji ihu ba, cikin mintuna kaɗan an gama. Ki zubar ko ki rufe, ƙofar banɗaki kullum a ja ta. Na biyu kananzir da fetur da ake zubawa a robar lemo, da fiya-fiya da maganin ɓera da bilic, duk a kai sama ko a kulle. In ya sha kananzir kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko madara, aman ne yake kai shi huhu, a wuce asibiti kai tsaye.

Masu ɗinki, allura, fil, reza, almakashi, maɓalli da duwatsun ado, ki samu gwangwani mai murfi kuma ki share ƙasa duk kin tashi. Dutsen guga a ɗaga shi sama har wayarsa. Masu suya, kar ki soya da yaro a gindinki, man da yake tafasa ba ya ba da lokaci, ki yi suyar yana barci ko yana hannun wani, hannun kasko kuma a juya shi ciki. Masu kwamfuta, wayar caja da aka bari a soket yana iya sa ta a baki, sannan ƙaramin batir mai kama da kwabo na rimot ko agogo in ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin awanni kaɗan, asibiti nan take ko da ya yi kamar lafiyarsa ƙalau. Gyaɗa, aya da alawa mai tauri suna shaƙe yara ƙanana, kar ki ba shi don ya yi shiru ki juya baya. Janareto kuma a waje nesa da taga, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Wata ta ce in dinga ba shi maganin mura yana sa barci.

Kar ki yi, ko sau ɗaya. Irin waɗannan magungunan akwai wanda aka hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba kwata-kwata, kamar promethazine, saboda yana iya danne numfashi. Babu odar da ta kai wannan. Ki tabbatar mai rainonki ma ta san haka.

In yaye shi don in samu sararin aiki?

Ba dole ba ne. Alƙur'ani a Baƙara aya ta 233 ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, likitoci ma suna cewa a ci gaba har shekara 2 ko fiye tare da abinci. Yaron da ya wuce shekara ɗaya ba kamar jariri yake sha ba, za ki iya mayar da shi safe, kafin barcin rana, da dare. Abinci sau 3 zuwa 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani, kunun gyaɗa, ƙwai, wake, faten dankali, ayaba, gwanda. Sau da yawa rigimar da yake miki ƙarfe 11 yunwa ce kawai. In kin tashi yayen ki yi shi a hankali kina rage sau ɗaya-ɗaya, kuma kar ki haɗa shi da satin da aiki ya yi miki yawa kamar gab da sallah ga masu ɗinki, domin zai ƙara manne miki ne.

In ba shi da lafiya ga aiki na jira?

Aikin ya jira. Ki tura saƙo da wuri ki faɗi gaskiya ki ba da sabuwar rana. Shi ya sa nake cewa kullum in za ki yi wa kwastoma alƙawari ki ƙara kwana biyu a kan abin da kike ganin zai isa, mai ƙaramin yaro ba ta cika alƙawarin gobe-gobe. Zazzaɓi a je a yi gwajin maleriya kafin a ba da magani, gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da maganin zinc, in kuma yana jijjiga, ko ya ƙi shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko numfashinsa yana sauri, ba jira. Ki duba katin rigakafinsa, akwai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 wadda iyaye da yawa suke mantawa da ita saboda suna ganin an gama a wata 9, da damina kuma in masu rabon maganin kariyar maleriya na yara sun zo gida-gida ki karɓa ki ba shi yadda suka ce.

Ni dai na gaji, kullum ji nake ban kyauta wa yaron ba ban kyauta wa aikin ba.

Na san wannan jin, kuma kusan duk mai yin abin nan da gaske tana jinsa. Ki duba ko aikin da kika karɓa ya fi awannin da kike da su, in haka ne ki rage oda ko ki ƙara farashi, shekara ɗaya ko biyu ne zai shiga makaranta ki dawo da ƙarfinki. Gida kuma ba sai ya zama kamar na amarya ba, miya ki yi mai yawa ki raba in kina da firij da wuta, wanki a bayar in da hali. Amma in abin ya wuce gajiya, kina kuka ba dalili, ba kya barci ko da ya yi barci, komai ya fita ranki har sati biyu ko fiye, ko kina jin kamar za ki yi masa illa in yana kuka, to ki ajiye shi wuri mai aminci ki fita ki sha iska, ki gaya wa wanda kika yarda da shi yau ɗin nan, kuma ki ga likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, yana da magani, ba raunin imani ba ne.

Yaushe ya dace in kai shi gidan raino ko nazare?

Babu shekara ɗaya da ta dace da kowa, da yawa suna farawa tsakanin 2 da 3, rabin wuni ya isa a farko. Kafin ki biya ki je ba tare da kin sanar ba, ki ƙirga yara nawa ne a hannun mai kula ɗaya, ki leƙa banɗaki da inda suke kwanciya, ki ga ko akwai ruwan wanke hannu da sabulu, ko get a rufe yake, ko talabijin aka kunna musu tun safe, ki tambaya wa ake ba wa yaro in an tashi kuma me suke yi in ya yi zazzaɓi. Watannin farko zai dinga kwaso mura, ki sa wannan a lissafin aikinki. In bayan sati uku ko huɗu har yanzu yana firgita in ya ga ƙofar wajen, ko kin ga tabo a jikinsa da ba a yi miki bayani ba, ki cire shi ki nemi wani wajen.